A Bar Babur Ya Sha Rabonsa: Magana A Kan Kafireto, Hawan Tudu Da Tsadar Mai

Tun ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, wata magana ta zama ruwan dare a garejojin Kakuri, Television, Sabon Tasha da Gonin Gora. Mai babur ya kan turo mashin ɗinsa ya ce wa makanike, "Oga, a rage mini shan mai." Makanike kuwa sai ya ɗauki sukuddireba, ya murɗa nan, ya matse can, ya ce an gama. Ba mu ga laifin mai babur ba. Litar da a ke saye a kan naira 200 ko ƙasa da haka ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a Abuja. Wanda ya ji wannan a aljihunsa tilas ya nemi dabara.

Amma muna so mu faɗa wa masu karatunmu a fili cewa yawancin wannan ragin da a ke yi hasara ne. A kan tsimi kuɗin lita guda a mako, a ƙone inji a cikin wata shida. Akwai kuma masu hawa tudu, zuwa Jos ko Bokkos ko Mambila, waɗanda a kan ruɗe su da cewa sai an canja musu jet kafin su tashi. Ra'ayinmu shi ne: kafireto ma'auni ne, ba a taɓa ma'auni sai da dalili, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa idan babur yana shan mai.

Abin da ya sa maganar ta dame mu

A ƙasashen Amurka da Ostareliya manoma suna da wani babur mai ƙafa huɗu da manyan tayoyi, wanda ya ke shiga taɓo da duwatsu. Kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki kuma ya fito da mai ƙafa huɗu a 1982. A wurinmu babu irin wannan sai ɗaiɗai. Aikin da ya ke yi a can, babur mai ƙafa biyu ne ke yinsa a nan, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue da TVS. Shi ne jakin zamani. Shi ke fito da buhun citta daga ƙauyukan Kaciya da Jaba da Kagarko zuwa bakin titi. Shi ke kawo masara da doya kasuwar Kujama da Kasuwan Magani. Shi ke kai taki gona da damina, lokacin da mota ba ta iya ƙetare rafi. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani da tsakar dare a ƙauye, babur ɗin nan ne motar asibiti.

Saboda haka injin da ya mutu a kan hanya ba ƙaramin abu ba ne. Tumatir ya kan ruɓe, ranar kasuwa ta wuce, kuɗin makarantar yara ya tafi wurin sayen fistin. Kuma abin da za mu faɗa a kan babur, haka ya ke ga injin ban ruwa na masu lambu a bakin Kogin Kaduna, da janareto, da injin niƙa mai shan fetur, gama dukansu kafireto ne da su.

Yadda kafireto ya ke aiki

Inji ba ya shan fetur zalla. Abincinsa gauraye ne na iska da fetur. Masana sun auna, sun tarar fetur ya kan ƙone sarai idan aka haɗa awo 1 na fetur da awo 14.7 na iska, bisa ga nauyi. Idan a na son ƙarfi, kamar wajen hawan tudu da kaya, inji yana bukatar mai ya ɗan fi haka yawa, wajen awo 1 cikin 12 ko 13 na iska. Idan a na tafiya a hankali a kan shimfiɗaɗɗen titi, ya kan iya wadatuwa da awo 1 cikin 15 ko 16. Tsakanin waɗannan iyakoki ne lafiyar inji ta ke. Aikin kafireto ke nan, ya riƙa dama wannan kunu yadda ba zai yi kauri ba, ba kuwa zai tsinke ba.

Ga yadda ya ke yi. Sa'ad da fistin ya sauka, ya kan zuƙo iska ta cikin wani maƙogwaro mai ƙunci. Gudun iskar a wurin nan shi ke tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa, ta cikin waɗansu ƙananan ƙofofi na tagulla da a ke kira jet. Ƙofofin nan sun raba aiki. Ƙaramin jet, da sukurun da ke gefensa, su ke ciyad da inji lokacin da ya ke silo har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur. Daga nan allura ta karɓa, wato siririn ƙarfen nan da ke hawa da sauka sa'ad da ka murɗa totur, har zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet kuwa shi ke da iko idan an buɗe totur duka. A cikin kofin akwai fulot, 'yar robar da ke shawagi a kan mai, wadda ta ke rufe ƙofa idan kofin ya cika daidai.

Mai karatu ya lura da wannan da kyau: sukurun da makanike ya ke murɗawa a gabanka, silo kaɗai ya ke gyarawa. Ba shi da wani iko sosai a kan man da za ka sha kana gudu a hanyar Kaciya. Mutum ya kan biya kuɗi, ya tafi da murna, alhali abin da ya canja shi ne babur ya fara wuyar tashi da safe.

Mutanen Kakuri ba baƙin kafireto ba ne. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a unguwar, kuma 504 ɗin da ta cika hanyoyin ƙasar nan shekaru da dama da kafireto ta ke aiki. Tsofaffin makanikan da suka koyi aiki a zamanin nan sun san ba a gyara shi da ka. Motocin yanzu kwamfuta ce ke auna musu mai, tana kuma gyara awon da kanta ko a tudu ko a kwari. A Indiya ma, tun watan Afrilu na 2020 dokar hayaƙi ta sa yawancin sababbin babura sun bar tsohon kafireto. Amma baburan da su ke hannun manomanmu har yanzu shi ne a cikinsu, shi kuwa ba ya tunani. Yadda aka saita shi, haka zai yi ta yi.

Tudu da iska

Iska tana da kauri, kuma kaurin nan yana raguwa idan mutum ya hau sama. A kowace mita 1,000 da aka hau, ya kan ragu kimanin kashi 10 cikin 100. Ikko tana bakin teku. Kaduna tana wajen mita 600 bisa teku. Jos tana wajen mita 1,200. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda garuruwan Gembu da Nguroje su ke, yana tsakanin mita 1,500 da 1,800.

Abu biyu ke faruwa ga inji a kan tudu. Na fari, ƙarfinsa ya kan ragu, gama kowace zuƙa iskar da ke cikinta ba ta kai ta ƙasa ba. Littattafan da kamfanin Honda ya ke haɗawa da ƙananan injunansa sun nuna ƙarfi ya kan ragu wajen kashi 3.5 cikin 100 a kowace mita 300, ko da an gyara kafireto. Ke nan babur ɗin da ya tashi daga Sabon Tasha zai rasa wajen kashi 7 na ƙarfinsa a Jos, a Nguroje kuwa wajen kashi 14. Babu makaniken da zai iya komo da wannan ƙarfi. Wanda ya ce maka zai iya, kuɗinka ya ke so. Magani shi ne a rage kaya, a sauko da giya.

Na biyu, mai ya kan yi wa iska yawa, domin ƙofar jet ba ta canja ba, iskar ce ta ragu. Sai dai a nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Iskar da ta yi sauƙi, tsotsonta ma ya kan yi sauƙi, saboda haka man da ta ke jawowa shi ma ya kan ragu. Kuskuren da ke shiga awon rabin ragin iskar ne kawai. Daga Kaduna zuwa Jos iska ta ragu wajen kashi 6, awon kuwa ya karkace wajen kashi 3 kurum. Daga bakin teku zuwa ƙwanƙolin Mambila iska ta ragu wajen kashi 16, awon ya karkace wajen kashi 8.

Yanzu bari mu gwada wannan da jet ɗin kansa. A irin kafireton Keihin da masu kama da shi, lambar da ke jikin jet faɗin raminsa ne. Lamba 75 tana nufin kashi 75 cikin 100 na milimita guda. Wanda ke bi masa a ƙanƙanta shi ne 72. Bambancin ya yi kamar ba kome, amma filin ramin ya ragu wajen kashi 8 cikin 100. Ashe ke nan taki ɗaya na jet ya yi daidai da hawa daga bakin teku har Mambila. Wanda ya sauko da jet taki ɗaya don zai je Jos sayen dankali, ya yi ragin da ya ninka bukatarsa fiye da sau biyu.

Akwai kuma zafi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙi. A nan Kaduna, da asubar hunturu a watan Janairu ma'aunin zafi ya kan sauka wajen digiri 15, da ranar bazara a watan Maris ko Afrilu ya kan wuce 35. Wannan bambanci kaɗai ya kan canja kaurin iska wajen kashi 7 cikin 100, daidai da hawa Jos ko ma fiye. Babur ɗinka yana jure wannan kowace shekara ba tare da ka canja masa kome ba. Jos kuma ta fi Kaduna sanyi, sanyin nan yana mayar da wani abu daga abin da tudu ya ɗauke. Me zai sa a kwance kafireto saboda tafiyar kwana biyu?

Haɗarin yana wajen saukowa

Idan mai ya yi wa inji yawa, alamunsa a bayyane su ke: baƙin hayaƙi a salansa, warin ɗanyen fetur, fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya, babur yana nauyin tashi. Hasara ce, amma hasarar da a ke gani, kuma ba ta kashe inji nan da nan. Idan kuwa mai ya yi kaɗan, inji ya kan yi zafi fiye da kima. Baburanmu ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su, kuma wani sashe na sanyin daga fetur ɗin kansa ya ke fitowa sa'ad da ya ke zama tururi a ciki. Ka rage man, ka rage sanyin. Bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa, baƙin mai ya tsinke, fistin ya kumbura ya kama, wani lokaci har kansa ya huje. Wannan ɓarna a ɓoye ta ke tafiya, kamar gara a cikin azara.

Shi ya sa littattafan nan na Honda suka yi gargaɗi cewa injin da aka gyara wa kafireto domin tudu, idan aka sauko da shi kwari ba a mayar da jet ɗinsa na asali ba, zai iya yin zafi ya lalace. Tsofaffin littattafan sun sa iyakar gyaran a mita 1,500, kuma ga wanda a can ya ke aiki kullum. Jos ba ta kai wannan iyaka ba. Mambila ta kai. Mutumin Gembu da ke zirga-zirga a kan tsauni shekara da shekaru yana da dalilin sa ƙaramin jet. Amma ranar da zai gangaro daga Maisamari zuwa Mayo Selbe, ya nufi Serti da Bali inda ƙasa ta yi kwari, zafi kuma ya yi yawa, sai ya tuna da abin da ke cikin injinsa. Haka wanda ya sayi tsohon babur daga Filato ya sauko da shi ta Hawan Kibo zuwa Akwanga, ko ta Manchok zuwa Kafanchan, ya kamata ya sa a duba lambar jet kafin ya ɗora masa buhu uku. Haka kuma injin ban ruwa da aka saya hannu na biyu daga kan tudu.

Abin da masu ragi su ke cewa

Za a ce mana, "Ai ni an rage mini, na kuwa ga bambanci a aljihuna." Ba mu ƙaryata ba. Masu ƙera babur su kan bar awon ya ɗan karkata wajen yawan mai, domin ba su san inda babur zai je ba, ko irin kayan da za a ɗora masa. Saboda haka akwai ɗan abin da za a iya ragewa. Amma bari mu yi lissafi. A ce babur ɗinka yana yin kilomita 40 da lita guda, kana kuwa yin kilomita 80 a yini. Lita 2 ke nan. A ce an rage maka kashi 5 cikin 100. Ka tsimi kashi ɗaya cikin goma na lita a yini. In lita tana naira 1,000, ribarka naira 100 ce a yini, naira 3,000 a wata. To, je ka tambayi kuɗin fistin da ringi da bawul da gasket, da kuɗin aiki, ka haɗa da kwanakin da babur zai yi a gareji ba ya kawo ko sisi. Kai da kanka za ka ga wanda ya fi. Garin neman ƙiba a kan samo rama.

Sau da yawa ma ribar ba ta kai haka ba. Babur ɗin da aka hana mai ba shi da ƙarfi, sai mai shi ya riƙa buɗe totur fiye da dā, yana daɗewa a ƙaramar giya, yana jan cok da safe. Abin da aka tara da cokali ya zube da ludayi.

Makanikai kuma za su ce, "Abin da mai kaya ya ce a yi masa, shi mu ke yi. In na ƙi, zai tafi rumfa ta gaba." Wannan ma gaskiya ne, mun san abinci a ke nema. Amma waɗansu dabarun da a ke yi ba su da kyau ko kaɗan. Akwai masu cusa silin waya a cikin ramin jet don ya ƙuntata. Akwai masu lanƙwasa harshen fulot don mai ya zauna ƙasa a kofi. Babu mai iya faɗin ko kashi nawa aka rage da irin wannan, ko 5 ne ko 25. Likitan da ya ba da magani ba awo don majiyyaci ya matsa masa, ba za a ce ya kyauta ba.

Inda man ya ke tafiya

Idan babur ya fara shan mai fiye da yadda ya saba, da wuya a ce jet ne ya canja da kansa. Ga wuraren da ya kamata a fara dubawa.

1. Soson tace iska. Wannan shi ne babban ɓarawo a ƙasarmu. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da jar ƙasar hanyoyin ƙauye, su kan toshe shi. Soson da ya toshe kamar cok ne da aka bari a ja, iska ba ta shiga, mai yana ta kwarara. Babur ɗin da ke Kakuri da toshasshen soso ya fi wanda ke Gembu shaƙewa. In na soso ne, a wanke shi da kananzir, a matse, a bar shi ya bushe, a shafa masa ɗan baƙin mai sabo. In na takarda ne, a canja. Kada a cire shi a yar, kamar yadda waɗansu ke yi don babur ya yi ƙara, gama ƙurar za ta cinye ringi kamar an goga da yashi.

2. Yoyo. A duba famfon mai, da tiyo, da gindin kafireto bayan babur ya kwana. In akwai danshi ko wari, bakin fulot ya ci, mai yana tsiyaya dare da rana. A riƙa rufe famfon mai da dare.

3. Ramin jet da allura da suka ci. Yaran gareji su kan zura waya a cikin jet don su fid da datti. Tagulla tana da taushi, kowace zurawa tana ƙara faɗin ramin. Mun riga mun ga abin da ɗan bambanci kaɗan ya ke yi. A wanke jet da fetur, a hura shi da iska. Wanda ya riga ya buɗe, a sayi sabo mai lamba ɗaya da na asali.

4. Taya, sarƙa da birki. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan ƙafa. Busasshiyar sarƙa, ko wadda aka ɗaure tamau, tana cin ƙarfi. Birkin da ke kamawa kuwa, ɗaga ƙafar baya ka juya ta da hannu, za ka sani.

5. Bawul da fulogi. Bawul ɗin da ba a saita ba, da fulogin da bakinsa ya ci, su kan sa mai ya fita ta salansa bai ƙone ba.

6. Gurɓataccen mai. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, injuna suka lalace. Man kwalba na bakin hanya kuma ba a san abin da aka zuba masa ba. In tilas ne a saya, a tace da tsabtataccen ƙyalle.

7. Hannun mai tuƙi. Fizgar totur, da gudu na fitar hankali, da barin inji yana silo a na taɗi a bakin kasuwa, duk mai ne. Babur mai inji cc 100 da aka ɗora wa mutum uku da buhu biyu ba zai yi tsimi ba ko wane ne ya gyara shi.

In gyaran ya zama tilas

Wanda ya duba duk waɗannan, ko kuwa wanda zai zauna a kan tudu mai tsawo, ga yadda mu ke ba da shawara a yi.

A fara da awo. Cika tanki fal, ka yi tafiyar da ka saba, ka rubuta kilomita, ka sāke cikawa, ka rubuta lita. Yi haka sau biyu ko uku. In ba ka san abin da babur ya ke sha yau ba, ba za ka san ko gyara ya yi amfani gobe ba.

A yi gyaran inji yana da ɗumi, soso kuma yana da tsabta. Kafin a taɓa sukurun silo, a murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, a na ƙirga zagaye, a rubuta, don a san inda za a komo. Kada a matse shi da ƙarfi, bakinsa zai lalace. A yawancin ƙananan babura wurin zamansa yana tsakanin zagaye ɗaya da biyu da rabi. A lura kuma, in sukurun yana gefen soson iska, iska ya ke sarrafawa, fito da shi waje yana rage mai. In yana gefen inji, mai ya ke sarrafawa, fito da shi yana ƙara mai. A nemi inda silo ya fi daidaita, a tsaya nan.

In allurar tana da tsaga-tsaga a kanta, mai da maƙalin zuwa tsaga ta sama yana saukar da allura, mai ya ragu. Tsaga ɗaya a ke matsawa, a gwada. Babban jet ma taki ɗaya a ke saukowa. Abu ɗaya a ke canjawa a lokaci guda. Tsohon jet kuwa a ƙulle shi a leda, a ajiye a akwatin sifana na babur, domin ranar saukowa kwari.

Sa'an nan a tambayi fulogi, shi ba ya ƙarya. Bayan tafiya mai ɗan nisa da kaya, a kashe inji, a bar shi ya huce, a kwance. In bakinsa ruwan ƙasa ne kamar bayan burodi, awo ya yi daidai. In baƙi ne busasshe, mai ya yi yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, ringi ya ci, kafireto ba shi da laifi. In fari ne fat kamar alli, a tsaya, a mayar da abin da aka cire tun kafin a yi kuka. Haka in babur yana shaƙewa sa'ad da aka buɗe totur, ko salansa tana harbi in an saki, ko inji yana ƙara kamar a na kaɗa tsakuwa a gwangwani wajen hawan tudu.

Wani gargaɗi kuma ga masu janareto. Injin da mai ya yi wa yawa ya fi fid da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuwa kashe mutane a cikin barci. Ko an gyara ko ba a gyara ba, ba a kunna janareto a ɗaki ko a zaure ko a bakin taga.

Roƙonmu

Ga shugabannin makanikai na Kakuri, Makera, Television, Narayi da Sabon Tasha, muna roƙo ku hana yaranku zura waya a jet, ku koya musu karanta lamba da karanta fulogi. Wanda ya canja wa mutum jet, ya faɗa masa lambar da ya cire da wadda ya sa, ya miƙa masa tsohon a hannu. Makaniken da babura ke daɗewa a hannunsa ba zai rasa ciniki ba.

Ga masu sayar da kayan gyara, ku kawo jet masu lamba a jiki. Wanda ba shi da lamba ba a san abin da ya ke ba.

Ga ƙungiyoyin manoma da na mata masu adashi, waɗanda su kan haɗa kuɗi su sayi babur ko injin ban ruwa, ku sayi ɗan littafi ku ajiye tare da shi. A rubuta ranar da aka zuba mai da yawansa, ranar da aka canja baƙin mai, ranar da aka wanke soso. Ku haɗa kuɗi ku sayi ma'aunin iskar taya guda ɗaya, ya ishi ƙauye duka. Da rani, kafin aikin gona ya taso, ku gayyaci makanike mai gaskiya ya yi yini guda yana nuna wa samari yadda a ke kula da inji.

Tsadar mai ba ta hannunmu. Matatar mai tana nan kudu da garin Kaduna tun 1980, ta kuwa yi shekaru da dama a rufe, wannan magana ce ta hukuma. Amma soso, da taya, da sarƙa, da totur, suna hannunmu, kuma kula da su ba ya cin kuɗi mai yawa. Mu fara da su a wannan mako. Jakin da a ke so ya kai kaya kasuwa, ba a rage masa harawa.